Tatsuniya da Rana Tsaka

"Rana na bisa kai, Malam, ka sa yaro ya yi tatsuniya?"

"Baba Jibo, zauna tukuna."

"Ban zo zama ba. Ɗana na zo ɗauka."

Malam Sahabi ya sunkuyar da kai. Shi kaɗai ne malami a sabuwar makarantar boko ta Tsafe, wata rumfar kara mai yara 'yan kaɗan. Littattafan da aka ce za a aiko daga Sakkwato tun kaka ba su iso ba, don haka da abin da ya samu yake koyarwa. Lissafi da 'ya'yan tsamiya ake yi: yaro ya tara goma a rami, in sun cika ya musanya su da guntun kara ɗaya. Yaran sun so wannan, domin ya yi musu kama da dara. Rubutun labari ne ya gagara. In ya ce su rubuta wani abu a allo, sai su zuba masa ido. Abin yana ci masa rai, shi da yake ganin duk duniya babu abin da ya kai labari daɗi.

Jiya sai ya ce a fara da baki, wani ya ba da tatsuniya. Duk suka ƙi, don kowa ya san mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. Malam ya yi dariya, ya lallashi Buba, ɗan Jibo, har ya ba da guda. Da aka tashi, Buba ya tafi bayan dutse neman tsamiyar lissafi, ya ɓace.

Jibo babban manomi ne da ake jin maganarsa. In ya cire ɗansa sauran iyaye za su bi, Bature kuwa ya riga ya ce makarantar da ba yara rufe ta za a yi.

Malam ya tambayi Jibo yadda aka yi aka ga yaron.

Jibo ya harare shi, amma ya fara. Ya ce da la'asar Hauwa'u, uwar yaron, ta fito har zaure ba mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba, tana cewa Buba bai dawo ba. Ya ɗauki sandarsa. A bakin gari wata mai tallan nono ta ce ta ga yaro ya nufi rafi. A rafin ya ga sawun Buba a kan yashi, kusa da shi kuma sawun kura. Nan, in ji shi, ya ƙara sauri. Ya yi ta kira, dutse na mayar masa da muryarsa. Dab da magariba ya hango farar riga a gindin tsamiya, ba motsi. Ya kasa ƙarasawa da gudu, ya kasa tsayawa. Da ya isa, sai ya ji minshari. Yaro na barci, ya rungume hula cike da tsamiya.

"Da niyyar duka na fita," in ji shi. "Sai kawai na zauna kusa da shi."

Bai lura ba, yanzu ma ya zauna. Yaran kuma sun sulalo daga rumfa sun kewaye shi, ba mai tari.

Malam Sahabi ya share idonsa da bakin riga. Ya ce abin da yake nema ke nan tun da ya zo garin, kuma wannan ba tatsuniya ba ce, abu ne da ya faru, ana iya faɗarsa kowane lokaci. Ya roƙe shi ya zo gobe ya maimaita, yara su rubuta.

"Ni mi ya haɗa ni da boko? Buba, taso mu tafi."

Buba ya miƙe. Sai na kusa da shi ya ce ai ba haka Buba ya gaya musu da safe ba. Cewa ya yi ya gamu da kura, ya jefe ta da dutse ta gudu, har Malam ya ce a rubuta.

Jibo ya dubi ɗansa, Buba ya dubi yatsun ƙafarsa.

"Kura? Kai da na tarar baki buɗe, ƙuda na shiga?"

Yara suka kwashe da dariya. Jibo ya tashi, ya kaɗe bayan rigarsa, ya daɗe yana kallon allunan da ke jingine a rumfar.

"Koma ka zauna," ya ce wa Buba. Sannan ya juya wajen Malam. "Gobe da hantsi ina nan tafe. Ni zan faɗa, su rubuta. Ƙaryar yaron nan ba za ta hau allo ina raye ba."