Lambar Da Ba Ta Sauyawa

Hambali na durƙushe a bayan tebur yana cusa waya a jikin rauta, na'urar da ke shigo da intanet, janareta na tari a waje. Tun da aka ƙara kuɗin fetur rabin galan yake iya saye, yau ma abin da ya rage a tanki bai taka kara ya karya ba.

Shagon intanet ɗinsa shi kaɗai ne a Gwarzo. Kwamfutocin duk sun juya fuska ga ƙofa, yadda 'yan Hisba suka nema, don haka hasken rana ya wanke allunan, rubutu yana yawo a kansu kamar a cikin ruwa.

A kan benci mahaifinsa, Baba Jalo, ya zauna da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Tun safe ya taso daga Kutama don ya ji muryar 'yarsa Murja, wadda ta tafi Khartum karatun ungozoma. Damina biyu ke nan bai ji ta ba, ga idanunsa sun fara dushewa.

"Har yanzu?" in ji tsohon.

"Saura kaɗan, Baba. Da lambarmu ta intanet sauyawa take duk sanda aka kashe inji, shi ya sa kiranta ba ya samunmu. Yanzu kamfani ya ba ni lambobi biyar tsayayyu."

"Kamar rugar da ta daina tashi ke nan."

"Kusan haka."

Ya ba rauta lamba ta farko. Ta biyu ya ba kwamfutar da ke raba wa sauran intanet, ta uku kuma ƙaramar na'urar da ya haɗa da kan tarho. Ya gwada, shiru. Ya zuba wa lambobin ido har suka fara rawa, hankalinsa ya tafi ga kwanon setilayit da ke kan rufi, yadda magana za ta hau sama, ta wuce gajimare, ta sauko a wani gari mai kogi biyu. Janareta ya sake tari. Sai ya lura ashe lambar ƙofar da saƙo ke bi ya fita ce ya rubuta a juye. Ya gyara, ya aika wa Murja saƙo cewa ta kira.

Tarhon ya yi ƙara. Hambali ya sa wa mahaifinsa a kunne.

"Baba? Ina wuni, Baba?"

Tsohon ya riƙe da hannu biyu. "Lafiya lau. Ya karatu? Kina cin abinci?"

Tana cikin ba shi amsa ya karkata kai, ya lumshe ido. Can bayan muryarta wani ladani ke jan kira, siriri, daga nesa.

"Murja, kiran me nake ji?"

"La'asar ce, Baba."

Ya juya wajen ƙofa, inda rana ba ta daɗe da barin tsakar ka ba. Ya daɗe yana sauraro.

"To, tashi ki yi salla," ya ce a hankali. "Kada ki makara saboda ni."

Ya miƙa wa Hambali kan tarhon.