Koriyar Fitilar Baba Lubsan

"A riƙe kare!" na kira daga ƙofar shingen Baba Lubsan, kamar yadda kowane baƙo yake yi. Shiru. Na sake kira. Karen ko haushi bai yi ba, sai kuka yake yana tonon ƙanƙara a bakin tantin ulun da tsohon yake zaune a ciki.

Hayaƙin birnin Ulanbatar ya kwanta a unguwarmu har ba na ganin sandar wutar da ke tsallaken hanya. Kowane bututun murhu yana amai, ban da nasa. Tsohon da ke riga kowa hura murhu!

'Yarsa Sarnai tana bayana, ta dunƙule jaririyarta Nandin cikin bargo.

"Inna Dolgor, ko fita ya yi?"

"Ya fita ina? Mutumin da ya yi wata biyar yana jiran wannan rana?"

Tun da aka haifi Nandin ba ta taɓa shiga tantin kakanta ba. Sarnai tana zaune a bene can kudancin gari, kowane ɗaki da injin tace iska, kuma ta rantse ba za ta kawo jaririya unguwar kwal ba. Ban ga laifinta ba, ciwon huhu ne ya ɗauke ɗanta na fari yana wata bakwai. Shi kuwa tsoho ya kafe: jikar makiyayi ba za ta girma ba ta taɓa barci a ƙarƙashin rufin ulu ba.

Sai ya sayar da sirdinsa mai adon azurfa, abu ɗaya da ya rage masa tun shekarar da sanyi ya ƙarar da garkensa, ya sayo irin injin nan na tace iska. Jiya da rana ya kira ni in gani.

"Tsohon nan, ka sayar da sirdi ka sayo fanka?" na ce.

"Ke dai bakinki ba ya hutu. Dubi fitilar injin nan. Ja, iska ba kyau. In ta koma kore, Sarnai ta ce za ta kawo yarinya."

Fitilar ja ce wur. Ya zuba mata ido kamar mai jiran tunkiya ta haihu.

"Yo ina za ta yi kore, tantinka duk kafa?" na ce. "Kana tacewa, gari yana ƙaro maka."

Ni na faɗi haka, da bakina. Ni na koma gida na ɗauko masa salatif ɗin da nake liƙe tagogina. Ni na riƙe masa kujera ya ja murfin saman tantin ya rufe ruf. Muka bi gefen ƙofa da gindin bango muka toshe. Kafin in shanye shayin madarar da ya zuba mini, fitila ta yi kore. Ya tafa hannu yana dariya, ya ɗauki hotonta ya aika wa 'yarsa.

Na ja ƙofar, ta ƙi. Ya liƙe ta daga ciki. Na sa ƙarfi na fizge, salatif ya yage da ƙara, na taka dokin ƙofa, abin da ban taɓa yi a gidan mutum ba.

Yana kwance a gadonsa, sanye da sabuwar rigarsa, hannu a kan ƙirji. Kumatunsa sun yi ja, har na buɗe baki zan tsokane shi. Na taɓa wuyansa, ya yi sanyi ƙalau. Wayyo ni!

"Fita da yarinyar!" na yi ihu. "Sarnai, fita!"

Ma'aikaciyar motar asibiti ta duba murhun, ta ga ya rufe marfin bututu don kada hayaƙin waje ya dawo ciki. Ta dubi salatif ɗin, ta dube mu.

"Wa ya toshe wurin nan haka?"

Na dubi salatif ɗina da ke manne a gindin bango.

"Amma ai koriya ce," in ji Sarnai. "Ku duba, koriya ce! Ya turo mini hoto!"

"Ƙura kawai injin nan yake gani, 'yar'uwa," in ji ma'aikaciyar. "Ba ya ganin guba. Gubar garwashi ba ta da launi, ba ta da wari."

Suka fitar da gawarsa, suka ce a bar ƙofa da sama a buɗe. Muka daɗe a tsakar gida, sanyi na cin ƙafafunmu. Sai Sarnai ta sunkuya ta shiga. Kusa da injin ya shimfiɗa fatar ɗan rago a wani ƙaramin gado da ya sassaƙa da hannunsa. Ta kwantar da Nandin a kai, ta durƙusa gefenta.

Ina tsaye a bakin ƙofa, ina ta ɓamɓare guntun salatif da ya manne a yatsana. Hayaƙin unguwa yana shigowa a hankali ta kafaɗata. Fitilar ta yi rawaya, sannan ta koma ja.