Motar Lafiyarta Ƙalau

Bakanike ya ce a taka totur, Auta ya taka. Shi kuwa ya tsugunna a bayan motar ya zuba wa salansa ido kamar kyanwa a bakin ramin ɓera. Hayaƙi ya fito ɗan siriri, iska ta yi gaba da shi.

"Ƙara."

Auta ya ƙara. Injin ya yi gurnani har kwanon rufin garejin ya amsa, amma baƙin hayaƙin da Mama ta zo nema bai fito ba.

Tana zaune a kan wata tsohuwar kujerar mota da aka jingine da bango, jakarta a cinya. Motar ta babban ɗanta ce, wanda duk gidan ke kira Yaya har ita ma bakinta ya saba. Ƙatuwar mota ce mai shan dizal, mai ja da ƙafa huɗu, da ita yake kai ma'aikatansa masu haƙar rijiya wuraren da kwalta ba ta taɓa zuwa ba. Auta, ƙaninsa, shi ke tuƙa ta. A da tanki guda yakan kai su ya dawo da su har da saura. Yanzu sai an tsaya a hanya an ƙara, wani lokaci ma sai Auta ya buga waya daga daji a kai masa jarka.

Da safiyar nan Yaya ya zo gida, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Mama, ki bi shi gareji da kanki, don kada gobe a ce na yi wa ƙanina ƙage. Abin da bakanike ya gani ki faɗa min. In motar ce, in gyara. In ba ita ba ce, ya ajiye min makullina, na gama."

Ya san wadda ya aika. Mama ta tsufa a ɗakin gwajin jini na asibiti, kuma har ta ajiye aiki ba a taɓa jin ta rubuta wa mutum abin da yake son ji ba. Ta sha ganin masu jiran sakamako a kan benci suna motsa leɓe, kowa na roƙon a ce lafiyarsa lau. Ba ta taɓa zaton akwai ranar da za ta zauna a benci tana roƙon a samu cuta ba.

Bakanike ya buɗe bonet, ya zaro filtar iska, ya ɗaga ta saitin rana. Haske ya ratso ta.

"Wannan ta fi hancina numfashi," in ji shi.

"Injiniya, ka dai duba da kyau," in ji Auta. Ya haura talatin, amma idan yana magana da fara'a sai fuskarsa ta koma ta yaron da take goyo. "Ni na san motar nan. Tun da muka faɗa wani kwari take yi min wani irin nishi."

"Nishi kuma? Ko ciki ne da ita?"

Auta ya yi dariya fiye da yadda maganar ta kai.

Aka gwada iskar tayoyi, daidai take. Aka sa jak aka ɗaga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, bakanike yana juya kowace taya da tafin hannu, yana yi wa Mama bayani ba tare da ya dube ta ba. In birki yana kamawa, mota tana tafiya ne kamar mai jan akuyar da ba ta son kasuwa, dole ta sha mai. Tayoyin suka yi ta juyawa sumul har suka gaji don kansu. Ya leƙa ciki ya girgiza ƙaramin sandar giyar da ke haɗa ƙafafun gaba.

"Wasu direbobin sukan manta ta a ƙafa huɗu su hau kwalta," ya ce. "Wannan kam ba a manta ba."

Mama ta ji haushin ɗanta da bai yi wannan mantuwar ba. Sakarci abu ne da ake yafewa.

"Ni fa gidajen man nan nake zargi," in ji Auta. "Mita suke taɓawa. Kuma dizal ɗin yanzu rabinsa kananzir ne, kowa ya sani."

"Haka ne," Mama ta ce da sauri, har ta ji kunyar saurin.

"Kowa ya sani," in ji bakanike. "Sai dai sauran motocin yayanka a can suke sha su ma. Ko taka kaɗai mitar ta tsana?"

Saura nozul, bututun da ke fesa mai cikin injin. A kansu Mama ta ɗora ragowar fatanta, don ta ji maƙwabcinta yana cewa su ne ke cinye man mota idan sun tsufa. Bakanike ya ɓata lokaci yana kwance su. Ya ɗaura kowanne a wata na'ura mai hannu kamar famfo, ya danna. Man ya fito feshi lallausa kamar turare. In lalatacce ne, in ji shi, ɗiga zai yi kamar hancin mai mura. Babu wanda ya ɗiga.

Rana ta take. Mama ta tuna matar Auta, da ta bar ta tana shanya kayan jariri a igiya. Yarinyar ta yi wata da watanni a gidan iyayenta lokacin da cacar wayar da Auta ke yi ta cinye keken ɗinkinta da gadonta. Ba ta dawo ba sai da Mama ta je da ƙafarta ta ce, ya samu aiki a wurin yayansa, ya shiryu, ni ce shaida. Kuma ta yi imani da abin da ta faɗa. Ba ta ga yadda yake sammakon fitar da motar zuwa lungun bayan gida ya wanke ta da kansa ba, kullum, ko da sanyi? Har maƙwabta ta yi wa labari. Ana cewa uwa ta fi kowa sanin ɗanta. Wanda ya fara faɗar haka, Mama tana jin, ko dai bai haifa ba, ko kuwa nasa sun mutu suna ƙanana.

Aka tura motar bisa ramin duba ƙarƙashi. Bakanike ya sauka da tocila, yana fito yana ƙwanƙwasa nan da can. Can sai fiton ya tsaya.

Ya jima kafin ya hauro. Ya goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa.

"Auta, je ka sayo min filtar mai. Ba ta nan bakin titi ba, jabu ce. Ka shiga can ƙarshen kasuwar kayan gyara, shagon mai gemun nan."

"Ka ga ni? Na ce akwai abu," in ji Auta, ya dubi uwarsa yana murmushi, ya tare babur ya tafi.

Sai da ƙarar babur ta ɓace bakanike ya ce, "Mama, gwiwarki za ta iya matakala?"

"Ka faɗa min daga nan."

"Gani ya kori ji."

Ta ajiye jaka, ta tattare zane, ta sauka tana dafa bango mai maiƙo. Ƙarƙashin motar duk busasshiyar laka ce, ta yi kauri kamar yaɓen ɗaki, ta rufe kowane ƙarfe. Ya haska gindin tankin. A tsakiyar lakar akwai noti guda, fes, yana ƙyalli. Kusurwoyinsa sun lashe saboda cin sifana. Gefensa an share da hannu, har shatin yatsu ya fito.

"Ta nan ake zubar da mai idan za a wanke tanki," in ji shi. "Tun da aka sayi motar nan ni nake duba ta. Ban taɓa kwance shi ba."

"Dutse zai iya gogarsa."

"Dutse ba ya riƙe sifana, Mama."

"Ba shi kaɗai ke shiga motar ba. Akwai ma'aikata."

"Akwai," ya ce. Bai ƙara ba, bai tambaye ta inda motar take kwana ba, ko wa ke fita da ita da sassafe. Ta gwammace ya yi mata musu.

Ta ɗaga hannu ta taɓa notin. Sanyi gare shi, da ɗan danshin mai. A sama wayarta ta fara ƙara cikin jaka. Suka tsaya su biyu a ramin suna sauraro har ta yi shiru.

"Yi masa walda," in ji ta.

"Walda a jikin tanki? So kike mu tashi da garejin da maƙwabta?"

"To ka yi abin da ake yi."

Ya ce akwai wani noti mai baƙon kai, ba kowace sifana ke kama shi ba, zai iya sa shi. "Amma ƙofa ɗaya na rufe. Akwai bakin tanki, akwai tiyon da ke mayar da mai daga injin. Wanda ya san hanyar ƙasa ba zai ɓata a ta sama ba."

"Ban tambaye ka ba."

"Me za ki ce wa mai motar?"

"Nozul."

"Nozul lafiyarsu ƙalau. Motar nan duk lafiyarta ƙalau, ni ma da zan samu irin lafiyarta da na gode Allah." Ya kashe tocila. "Ni dai ba zan kira shi ba. Amma in ya tambaye ni, ba zan ɓata sunan da na yi shekaru ina ginawa ba."

"Ba zai tambaye ka ba. Ni ya aiko."

Hawan ya fi saukar wuya. Ta koma kujerarta, ta goge yatsanta a gefen zane, warin bai tafi ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ake cewa, kuma ita ma ta sha faɗa. Amma ta yi aiki a asibiti. Ta ga inda ake yankewa, ta kuma ga abin da ke samun sauran jiki idan aka ƙi.

Ta danna lambar Yaya.

"Mama, ya ake ciki?" Muryarsa a ɗaure take, muryar mutumin da ya riga ya shirya jin abin da ba ya so.

"Motar ce," ta ce. "Nozul ne suke zubar da mai. Yana gyarawa."

Sai ta ji yana jan numfashi.

"Alhamdu lillahi," ya ce, muryar ta karye. "Mama, kwana nawa ban yi barcin kirki ba. Na zalunci yaron nan. A gaban ma'aikata na ce masa ɓarawo, ban gaya miki ba. Yana kusa? Ba ni shi."

"Ya je sayen kaya."

"Zan jira. Kada ki kashe."

Ta riƙe wayar a kunne tana jin numfashin ɗanta na fari, wanda tun yana makaranta bai taɓa ɓoye mata ko canjin aike ba. Daga cikin rami ƙarar sifana tana tasowa, bakanike yana ɗaura sabon notin.

Auta ya dawo da kwalin filta yana share gumi. Ta miƙa masa wayar. Ya saurara, fara'arsa ta ɗauke, sannan ta dawo a hankali.

"Haba Yaya, ba komai. Wallahi ban riƙe ka ba. Ko ni ne a matsayinka haka zan yi zato." Ya juya baya yana tafiya yana dawowa. "A'a, ka daina ba ni haƙuri, kai fa uba ne."

Da ya gama ya dawo mata da wayar da hannu biyu.

"Mama, kin ji abin da ya ce? Daga gobe ni zan riƙa sayo man duka motocin. Wai ya gaji da amincewa da bare."

"Na ji."

Bakanike ya hauro, ya mayar da nozul inda suke, ya ɗaura sabuwar filtar a madadin wadda ba ta yi laifin komai ba. Bai dubi kowa ba. Aka turo motar daga kan ramin zuwa fili.

Auta ya zagayo zai buɗe wa uwarsa ƙofa, sai makulli ya suɓuce masa ya faɗi daidai gefen tayar baya. Ya sunkuya. Makullin yana nan a fili kusa da ƙafarsa, amma ya jima a sunkuye, kansa a karkace yana kallon ƙarƙashin motar, daidai inda sabon notin yake.

Da ya miƙe suka haɗa ido. Ta jira ya sunkuyar da kai, ko fuskarsa ta canza, ko ya ce mata wani abu komai ƙanƙantarsa wanda za ta riƙe.

"Allah ya bar mana ke, Mama," ya ce, ya buɗe mata ƙofar.

Ta kama murfin, ta ɗaga ƙafa da ƙyar, ta shiga ta zauna.

"Ja mu je," ta ce. "Matarka tana jira."