Zama na Huɗu a Kan Takardar Anjila

Ku yi mini afuwa tun da farko. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, shi ma a lungu. Sau uku ina yaga wannan shafin. In kun ga tuntuɓe, nawa ne.

Ranar Talata ce, tun safe ake ruwa a birnin Patan. Sabitri Tamrakar ta hau bene na uku tana jan ƙafa, lema na ɗiga a hannu ɗaya, fayil a ɗayan. Shekararta tara a kwamitin ladabtarwa na hukumar da ke ba masu horar da yara masu galahanga takardar shaida, kuma yau ne zama na huɗu a kan magana guda.

A bencin bakin ƙofa ta tarar da mai maganar, Anjila Limbu, ta rungume jakarta. Yarinyar ta miƙe da sauri. Didi take ce mata, wato yaya, kamar yadda kowa ke kiranta.

"Didi, shugabar makarantarmu ta ce Juma'a ce iyaka. In ba takarda, ba aiki."

"Na ga wasiƙarta. Zauna, ƙanwata."

Maganar ba ta da wani sarƙaƙiya. Kafin a ba mutum takarda sai ya yi awa dubu da ɗari biyar yana aiki da yara, wani ƙwararre na kallonsa. Farfesa Tirtha ne ya sa wa Anjila hannu, wanda ɗalibansa ke kira Guru, wato malam. Daga baya ta fito cewa bai taɓa leƙa ajinta ba: gida ake kai masa takardun da kwalin kayan zaƙi, a sunkuya a taɓa ƙafarsa, ya sa albarka ya sa hannu. Haka ya yi wa kowa shekara da shekaru. Hukumar ta dakatar da takardar Anjila sai an yanke hukunci. Farfesa kuwa yana gida yana ba tattabarunsa hatsi.

A ciki mutum huɗu na zaune, shayi ya riga ya iso. Shugaba, Dakta Bishwo, ya gyara tabarau ya karanta sashe na bakwai kamar yau ya fara ganinsa: duk wanda ya yi karatu a hannun wanda ake ƙara, ya janye.

"To ni dai na janye," in ji shi. "Guru ne ya duba kundin digirina."

Rukmini, wadda ke kusa da taga, ta ɗaga hannu. "Ni ma. Mutumin da ya zauna a bikina, ya raɗa wa ɗana suna?"

"Ke biki kawai," Dakta Bishwo ya ce yana dariya. "Ga Hemanta nan, ko atishawa ba ya yi sai Guru ya ba shi izini."

"Yaya, kai da ka shekara biyu kana riƙe masa jaka?" Hemanta ya mayar masa. Aka kwashe da dariya. Shi ma ya janye, na huɗun ma ya bi.

Sabitri kaɗai ta rage, don ita a waje ta yi karatu. Doka kuma ta ce ba a yanke hukunci sai da mutum uku.

"A ɗauko wasu daga wajen kwamiti mana," ta ce, ba tare da ta ɗago ba. A zama na biyu ta faɗi wannan, a na uku ma ta faɗa.

"Su wa, Didi?" in ji Dakta Bishwo. "Mu nawa ne duka? Kowa ka taɓa ɗalibinsa ne."

"To a gyara dokar."

"Sai a babban taron shekara."

"Wanda Guru ke jagoranta."

Dakta Bishwo ya buɗe tafin hannuwansa. "Ba wanda ya karya doka a ɗakin nan. Shi ne abin da nake so a rubuta."

Abin da ya fi gajiyar da ita ke nan: gaskiya ya faɗa. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu. Kowa ya janye cikin mutunci, kowa zai koma gida da zuciya fara, yarinya kuma tana kan benci.

Suka shiga neman ranar zama na biyar. Wannan ya ce bayan bikin Dashain, wancan ya ce yana da tafiya Pokhara. Sabitri ta sake buɗe wasiƙar shugabar makarantar. Can ƙasa akwai layin da ta daɗe tana kauce wa: idan wani ƙwararre zai riƙa zama da Anjila a aji, ya sake ƙirga mata awanninta daga farko, za a bar ta a bakin aiki. Amma sashe na sha biyu ya hana ɗan kwamiti kula da wanda maganarsa ke gabansu.

Ta dubi fuskokin nan huɗu. In ta tafi, ɗaliban Guru kaɗai za su rage a teburin. In ta zauna, me zamanta ya tsinana a shekara tara? Gwiwoyinta ma ciwo suke, ga makarantar can bayan gada, mota biyu ake hawa.

Ta yagi takarda daga littafinta, ta rubuta layi uku na ajiye muƙami, ta sa hannu da kwanan wata. Ta ninke, ta ɗora kofin shayinta a kai.

A waje Anjila ta sake miƙewa. "Didi, sun yanke?"

"Ba su yanke ba. Ƙarfe nawa yaranki ke shiga aji?"

"Tara."

"Ki ajiye mini kujera mai jingina. Yi shiru, ɗauki jakarki."

A ciki Hemanta na rantsuwa cewa ranar Alhamis ba ta yi masa ba. Sabitri ta ɗauki lemarta daga jikin bango, ta riƙe ta don kada ta ɗiga, ta bi matakala a hankali, tun kafin wani ya lura kujerarta ba kowa.