Zaren Ƙafar Ermek

Shekara shida Aizirek tana roƙon abu ɗaya, da aka tashi ba ta shi kuma sai ta rasa inda za ta sa kanta.

Tana 'yar shekara tara uwarta Gulbara ta bi mijinta Mosko neman kuɗi, aka bar ta wajen Kaka Batma a ƙauyensu na gindin duwatsun Narin. Tun daga nan, duk shekara in ƙanƙara ta narke sai ta haura bakin marmaro, ta yagi ƙyalle ta ɗaura a reshen bishiyar roƙo kamar kowa. Wasu haihuwa suke nema, wasu miji. Ita maganarta ɗaya ce: Allah Ya sa Umma ta zo ta tafi da ni. Kaka ta ce saura ƙiris ta ƙarar mata da labulen ɗaki.

Bara Gulbara ta zo, amma ba ɗauka ta zo yi ba, ajiya ta kawo. Jariri ne ɗan wata uku mai suna Ermek, wai mai gidan hayarsu ba ya son kukan yara. Kwana goma ta yi ta koma. Kaka ga ciwon gwiwa ga raunin ido, don haka reno ya faɗo kan Aizirek. Ta yi fushi, ta yi kuka, ta rantse ba za ta so yaron nan ba. Rantsuwar ko sati ba ta yi ba.

Yanzu Ermek ya fara dafa bango yana miƙewa, Gulbara ta dawo bikin yanke masa zare, da tikitin jirgi biyu a jakarta. A al'adarsu akan ɗaure ƙafafun yaro da zare, yara su yi tsere, wanda ya ci shi zai yanke. Za ta tafi da Aizirek ta sa ta makarantar ɗinki. Ermek kuwa yana nan wajen Kaka sai ya yi wayo.

"To 'yar birni, bishiya ta ji ki," in ji Kaka ranar bikin, tana tsame cincin daga mai. "Sai ki saki fuska mana, kin yi kicin-kicin kamar wadda aka kawo wa sammaci."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Ƙalau ɗin ƙaniyarki. Ni dai roƙona kada ki ci tseren nan. Yaro sawun wanda ya yanke masa zare yake bi. Uwarki wani ɗan rawar kai ne ya yanke mata, ya girma ya zama direban babbar mota. Ga ta nan, zama ya gagara."

Gulbara ta yi dariya. "Haba Inna, talauci ne ya kore ni, ba direba ba."

"Ki ji ta! Ni Kubat ɗan maƙwabta nake so ya yanke wa angona. Wannan ko kasuwa aka aike shi sai ya yi zazzaɓin kewar gida."

Wasa Kaka take yi, amma maganar ta tsaya wa Aizirek a rai. Gobe war haka tana hanya. In ita ta yanke zaren, ke nan ta sa ƙafar Ermek a hanyar masu tafiya su bar mutane. Ta ƙudura za ta ja baya ta bar wa Kubat.

Da hantsi aka shimfiɗa farin bargo a ƙofar gida, aka tsayar da Ermek, Kaka ta ɗaure masa ƙafafu da zaren ulu, baƙi da fari a murɗe. Yaran unguwa suka yi layi can wajen gada. Wani dattijo ya ɗaga hula ya sauke, aka zuba.

Da farko Aizirek ta cika alkawari. Ta bar Kubat ya wuce yana haki kamar tsohon doki. Sai da suka sha kwanar masallaci ta jiyo kukan. Ermek ne, tsaye a hannun matan da bai sani ba, ƙafa a ɗaure, yana waige-waige cikin taro. Ta san wa yake nema. Ba ta san lokacin da ta wuce Kubat ba, ita dai ta gan ta durƙushe kan bargo an miƙo mata wuƙa.

"Ja'ira, kin kashe ni!" in ji Kaka, aka kwashe da dariya.

Ta yanke zaren. Ita da Kubat suka kama hannuwan yaron suka ɗan taka da shi, sannan suka sake shi. Gulbara ta tsuguna a ƙarshen bargon ta buɗe hannu.

"Zo, ɗan Umma. Taho, taho."

Ermek ya tsaya yana tangaɗi. Ya kalli matar nan mai ƙamshin turare, ya yi mata kallon baƙuwa. Sai ya juya, ya yi taku ɗaya, biyu, uku, ya faɗa jikin Aizirek ya cusa fuska a siket ɗinta.

Taro ya ɗauki shewa, wai yaro ya san mai ba shi kunu. Gulbara ma ta yi dariya, amma ta manta ba ta sauke hannuwanta ba. Aizirek ta dubi fuskar uwarta, tausayi ya kama ta. Ashe ba ita kaɗai ke kwana da kewa ba.

Da la'asar, baƙi sun watse, Aizirek da uwarta suna wanke kofunan shayi a bakin famfo.

"Umma, tikitin nan ana iya mayar da shi?"

Gulbara ta ajiye kofi. "Ke da kika shekara shida kina min kuka a waya?"

"Har yanzu ina so. Wallahi ina so kamar in mutu."

"To mene ne?"

"Ni da kika tafi ina da wayo. An ce min za ki dawo, na gane. Shi fa, in ya tashi gobe bai gan ni ba, wa zai yi masa bayani?"

Gulbara ta matso. Ta jawo ta da jiƙaƙƙen hannu ta rungume, suka daɗe a haka ruwa na zuba.

Washegari motar haya ta tsaya a ƙofar gida, aka sa jaka ɗaya a but. Kaka ta watsa ruwa a bayan mota don hanya ta yi kyau, yau kam babu tsokana a bakinta. Aizirek ta tsaya da Ermek a kwankwaso, zuciyarta na bin motar, hawaye na zuba ba ta share ba. Gulbara ta manna fuska a gilashin baya.

Aizirek ta kama ɗan hannun ƙaninta ta ɗaga masa.

"Waccan ce Umma," ta ce. "Kalle ta da kyau ka riƙe fuskarta. Ni ma haka nake yi."