Kwalbar da na ɗauko daga firijin ƙanina

'Yata, wadda nake kira Uwata, tana shekarar ƙarshe a jami'a. Aikin kammala karatunta wata na'ura ce mai girman sabulu, ta auna sikari a jini. Ta yi min bayani har sau uku kafin na gane. Akwai wani ruwa a 'yar kwalba, enzayim, wanda idan ya haɗu da sikarin da ke cikin ɗigon jini sai ya fitar da ɗan ɗumi. Ɗumin nan na'urar ke ji, ta faɗi lamba.

Ina da ciwon sikari, don haka wata uku da yatsana take gwaji. Ni tela ne, na saba da sukar allura.

Sai ta fara wuni a shagon ƙanina mai gyaran firiji. Shi ya naɗe mata na'urar da soso don kada zafin waje ya ruɗe ta, kuma a firijinsa take ajiye kwalbar. A gida ba ta da zance sai Baffa ya ce, Baffa ya yi. Da na tuna mata mu ma muna da firiji, ta ce namu ƙofarsa ba ta kamawa sosai. Mahaifiyarta ta yi dariya, ta ce in bar su, tela ina ruwansa da sanyi.

Ana jibi za ta nuna aikin a gaban malamanta, na gyara ƙofar firijin da kaina, na je shagon. Ƙanina ya fita aiki. Na ɗauko kwalbar, na sa a aljihun ƙirji don kada ta fashe, na tako a ƙasa cikin rana. Na biya ta shagona, wani mai ɗinki ya tsare ni, na yi awa biyu tsaye kan dutsen guga.

Washegari ta ga kwalbar a firijinmu. Ta soki yatsana. Na'urar ta nuna lambar da ko mai azumin kwana uku ba zai nuna ba. Ta sake, haka.

"Baba, a ina kwalbar nan ta wuni jiya?"

Na faɗa mata duka. Ta ce zafi yana kashe enzayim ɗin, kuma sabo sai an yi odarsa, mako uku. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kira malaminta, ya ce ta jira zagaye na biyu, bayan abokan karatunta sun gama.

Da yamma ƙanina ya zo da kula cike da ƙanƙara don kai kwalbar jami'a, bai san ruwan ya lalace ba.

"Yaya, ɓarawon shagon nan ɗan kirki ne, kwalba kawai ya ɗauka, ga injina bai taɓa ba."

Uwata ta tattara na'urar da littattafanta ta bi shi. Shi ya riƙe mata jakar.