Gyaran da Baba Ya Yi a Shafi na Tara

Babana, Allah ya jiƙansa, ba ya karanta littafi ya bar shi lafiya. Da jan fensir yake binsa, duk inda marubuci ya yi kuskure sai ya gyara a gefe. Shekara talatin yana sayar da tsofaffin littattafai, rabinsu da rubutunsa a ciki.

Bayan rasuwarsa ina share ƙarƙashin kanta na tsinci wani littafi naɗe a jarida. Wani malami ne ya rubuta shi, wanda a da yakan wuni a shagonmu yana karatun kyauta yana jan Baba da hira. Labarin mai shago ne da aka ajiye wa jaririya cikin kwalin littattafai a bakin ƙofa, ya riƙe ta a matsayin 'yarsa.

Kwana biyu na cinye shi, na kai ra'ayina wajen Gwaggo, ƙanwar Baba. Ita ta raine ni, don an ce mahaifiyata wajen haihuwata ta rasu. Na ce mutumin ya iya zuba, amma ƙaryar ta yi yawa. Wace uwa ce za ta sa 'yarta a kwali kamar kayan gwanjo?

Gwaggo, wadda ko takardar magani sai an karanta mata, ta ce in ba ta littafin ta adana. Na hana. Washegari ta sake roƙo. Rana ta uku na tarar an birkice min jaka. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Na koma na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Cikin shafi ɗari uku, wuri ɗaya tak Baba ya taɓa, daidai inda aka tsinci jaririyar. Na gani tun farko, na wuce. Ya rubuta: “Da yamma ne, ba da safe ba.” Na ji tsoro ƙwarai.

Na sami Gwaggo tana wanke-wanke, na karanta mata.

“Gwaggo, labarin ƙirƙira ne fa. Ina Baba ya san da yamma ne?”

Ta daɗe tana cuɗa kofi ɗaya, ba ta ɗago ba.

“Ya manta bai gyara ɗaya ba,” in ji ta. “Ba kwalin littattafai ba ne, na sabulu ne. Shi kaɗai na samu.”